Labarin da Munshi Ratanlal Ya Kasa Ƙarasawa

Duk wanda ya ci abinci a harkar fim a Bombay cikin shekarun tamanin ya san Munshi Ratanlal Chaubey; Munshi laƙabi ne da ake ba marubuci a can. Gajeren mutum ne mai ɗan tumbi, kullum cikin farar riga mai tabon tawada a aljihu, da ƙaton hankici a kafaɗa sai ka ce mai sayar da shayi. Aikinsa rubuta maganganun da 'yan wasa za su faɗa. Ana cikin kafa fitilu darakta zai waiwayo ya ce, "Munshi-ji, uwa za ta kori ɗanta daga gida. Layi shida nake so, yanzu-yanzu." Sai Ratanlal ya zauna a kan akwatin kayan wuta ya ɗora takarda a gwiwa. Kafin shayinsa ya huce uwa ta kori ɗa, ta kuma kore shi da kalmomin da matan unguwa za su yi wata guda suna maimaitawa a bakin famfo.

Shekara goma sha tara yana wannan aiki. A hannunsa an kori 'ya'ya sun fi arba'in, tagwayen da suka ɓace wa juna a wurin biki sun haɗu sau bakwai, mugayen attajiran da suka tuba ana saura minti biyar a tashi kuwa ba su ƙirguwa. Bai taɓa raina sana'ar ba. Ita ta yi masa aure, ita ta ba shi ɗaki da 'yar baranda a wani gidan haya a Dadar, inda yake zaune da matarsa Kusum da 'yarsu Guddi. Sai dai duk labaran nan na wasu ne, shi cike gurbi kawai yake yi. Nasa na kansa guda ɗaya ne tak, kuma ya fi shekara goma a cikin akwati a ƙarƙashin gado.

Labarin yayarsa ne, Janki, wadda yake kira Didi, wato Yaya. Iyayensu sun rasu a Jaunpur yana ɗan shekara shida, ita tana sha bakwai, ba su bar musu komai ba sai keken ɗinki baƙi mai zanen zinariya. Da keken nan ta ciyar da shi, ta sa shi makaranta, ta sallami maneman aurenta ɗaya bayan ɗaya. Wata rana ya ce shi Bombay yake so ya je ya zama marubuci. Washegari ya ga mutane sun zo da kurar ɗaukar kaya sun ɗora keken sun tafi da shi, ita kuma ta miƙo masa tikitin jirgin ƙasa. Shekara shida bayan nan da allurar hannu take yi wa unguwa ɗinki. Wannan shi ne abin da ya rubuta, shafi ɗari da tamanin, ya kai aka ɗinke masa da koren bango.

To a nan gizo ke saƙar. A garin nan ba a karanta labarin fim, faɗarsa ake yi da baki. Ka kai wa furodusa littafi, sai ya auna nauyinsa a hannu, ya yaba, ya tokare ƙafar fanka da shi. Abin da ake so shi ne zaman jin labari: a shimfiɗa farar katifa, mai kuɗi ya kishingiɗa a kan matashi yana taunar pan, ganyen da suke tauna kamar goro, marubuci ya tsaya a gabansa ya zama uwa, ya zama ɗa, ya zama mugu, har ƙarar jirgin ƙasa ya yi da bakinsa. Mun ga mutanen da ba su iya rubuta wasiƙa ba sun sayar da fim uku da zaƙin baki kawai, abin har yau yana ba ni haushi. Ratanlal kuwa ya iya rubutu, ya kuma iya magana daidai gwargwado. Matsalarsa ɗaya ce: shi ke riga masu sauraro kuka.

Farkon wanda ya gwada wa shi ne Seth Lalwani, wani furodusa mai zobba a yatsu takwas, wanda ya daɗe yana jin daɗin aikinsa. Zama ya fara da kyau. Ratanlal ya kwaikwayi yaro mai satar mangwaro, Seth ya yi dariya har tumbinsa na rawa. Ya kwaikwayi mai neman aure da Didi ta auna wa riga ta sallama, Seth ya buga cinya. Aka zo safiyar da kura ta tsaya a ƙofar gida. Ratanlal ya ce, "Sai mutanen suka shigo, suka kama keken..." Sai ga hawaye shaaa, ya dulmiya fuska cikin hankici yana shessheka.

Seth ya tashi zaune a firgice. "Munshi-ji, lafiya? Rasuwa aka yi?"

"A'a, Seth-ji... keke ne."

"Keke ya kaɗe wani?"

"Na ɗinki."

Seth ya dubi ɗan'uwansa da ke gefe, ɗan'uwan ya dubi silin. Aka kawo ruwa, aka kawo shayi, aka jira. Ratanlal ya sake ɗaukowa daga kura, ya sake rushewa a daidai wurin. A karo na uku Seth ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ka ga, ni ban san abin da ya samu keken nan ba, amma da alama babban abu ne. Ka samo min jaruma. In Indrani Kaul ta ce za ta fito a matsayin yayar, ni kuma zan zuba kuɗi." Ya faɗi haka ne don ya rabu da shi lafiya, domin kowa ya san Indrani Kaul ba ta sauraron labari ya wuce minti goma.

Da ba don wata wasiƙa ba, da littafin ya koma ƙarƙashin gado. Maƙwabciyar Didi ce ta rubuto daga Jaunpur, ta ce idon Janki ya fara yin hazo, zare ma sai an zura mata a allura, likita kuma ya ce jijiyar ce ke mutuwa, ba abin da aiki zai gyara. Ratanlal ya karanta sau uku a baranda. Tun da ya bar gida burinsa ɗaya ne, ya zaunar da Didi a silima ta ga kanta a bango, ta san cewa bai manta ba. Da baki bai taɓa iya yi mata godiya ba. Yanzu ga shi lokaci na neman ƙure masa, kuma tsoro ya kama shi sosai.

Kusum mace ce da ba ta ɓata lokaci wajen tausayi. Ta karɓi wasiƙar ta karanta, ta ninke, ta ce, "Baban Guddi, daga yau kullum da safe za ka ba ni labarin nan ina tsintar shinkafa, har sai ka wuce kurar nan."

Aka shiga horo. Ta ba shi kanumfari ya danne da haƙori in ya ji abin na tasowa. Ta sa masa tsakuwa a takalmi ya riƙa takawa. Ta ce ya riƙa tuna fuskar mai gidan hayarsu. Ta ce ya ƙirga fale-falen rufi. Duk a banza. Bangon gidan nan kuwa bai fi kwali kauri ba, saboda haka cikin mako biyu duk masu haya sun haddace labarin har zuwa kura, ba wanda ya san abin da ya biyo baya. Da an ji shiru daga ɗakin Munshi, sai wata daga bene na sama ta ƙwalla, "Ya kai keken!" Wani tsohon ma'aikacin gidan waya ya tare shi a matakala ya ce, "Munshi-ji, don girman iyayenka, yaron nan ya hau jirgin ko bai hau ba? Matata ta hana ni sakat."

"Ai ga ni a gabanka, ka ga kuwa ya hau," in ji Ratanlal a fusace.

Wata huɗu yana zarya kafin sakataren Indrani Kaul ya ba shi lokaci, shi ma ba zama ba ne. A lokacin tana fim goma sha ɗaya a tare, da safe tana Chembur, da rana tana Goregaon. Aka ce ya shiga motarta ya ba ta labarin a hanya, in an iso ƙofar sutudiyo zance ya ƙare. Kusum ta goge masa riga, ta cusa masa kanumfari biyar a aljihu, ta kuma danna masa koren littafin a hammata ko da yake ya ce ba amfanin da zai yi.

Ya tarar da jarumar a kujerar baya ta jingina kai, an naɗe mata gashi, ta ɗora yankan kokwamba a kan kowane ido. Ko kallonsa ba ta yi ba. Aka zaunar da shi gaba kusa da direbanta Dattaram, wani tsoho mai farin gashin baki wanda ya yi shekara ashirin yana tuƙa ta, kuma ba a taɓa jin ya sa baki a maganar da ba ta mota ba.

"Fara, Munshi-ji," in ji ta. "In ka ji na yi minshari kada ka damu, ina ji."

Haka ya murɗa wuya ya durƙusa a kan kujera yana fuskantar baya, ya shiga ba kokwamba biyu labari. Ya yi satar mangwaro, ba ta motsa ba. Ya yi mai neman aure, ko gezau. Motoci na ta oda, masu talla na ƙwanƙwasa gilashi, zufa na bin bayansa. Ya ce a ransa matar nan ta yi barci tun unguwar Sion. Da ya fid da rai sai ma ya saki jiki, ya daina kwaikwayo, ya koma faɗar abin yadda ya faru. Ya faɗi yadda Didi ke shafa wa keken mai ranar Lahadi tana yi masa magana kamar akuyar gida. Ya faɗi yadda ƙarar keken ke sa shi barci yana yaro.

Kura ta iso ƙofar gida. Ya jefa kanumfari uku a baki lokaci guda. "Sai suka kama keken, suka fito da shi tsakar gida, suka ɗora..." Ya wuce! Bai taɓa kai nan ba. "Sai yaron ya ce, Didi, da me za ki yi ɗinki? Sai ta ɗaga hannuwanta ta ce, ta ce..."

Shi ke nan. Dam ta ɓalle. Kuka ya zo masa har da tari, kanumfari ya sarƙe shi, ya kifa goshi a kan kujera kafaɗunsa na jijjiga. Cikin kukan yana jin kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige, yana kuma ganin Didi zaune a Jaunpur tana lalubar ramin allura. Ya san ya zubar da damarsa ta ƙarshe.

Mota ta ci gaba da tafiya. Can sai jarumar ta ɗaga kokwamba ɗaya ta leƙa taga.

"Dattaram, wancan ba ƙofar sutudiyo ba ce muka bari a baya?"

"Ita ce, Madam."

"To ina za ka kai ni?"

Tsohon ya gangara gefen titi ya kashe mota a gindin wata bishiya. Bai juyo ba. Ya ce, "Madam, ki gafarce ni. Ta ɗaga hannuwa ta ce me? Ni ba zan iya shiga ƙofar nan ban ji ba. Ni ma yayata ce ta raine ni."

Indrani Kaul ta cire ɗaya kokwambar ta tashi zaune. Ta dubi ƙeyar direbanta, ta dubi marubucin da ke ta jan majina. "Shekara ashirin mutumin nan yana jin labarai a motar nan, ko tari bai taɓa yi ba. Munshi-ji, ta ce me?"

Ratanlal ya buɗe baki, ba abin da ya fito sai wani sauti kamar na ƙofa mai tsatsa. Da ya rasa yadda zai yi, sai ya miƙa mata koren littafin. Ta karɓa tana juya shi kamar an ba ta kifi ɗanye.

"Me zan yi da wannan?"

"Shafi... na sittin da biyu, Madam."

Abin da ya faru a gindin bishiyar nan, da yawa a harkar sun ce ƙarya ne, amma Dattaram ya rantse a kai har ya mutu. Indrani Kaul ta laluba jaka ta ciro tabaran da ba ta yarda kowa ya san tana da shi ba, ta buɗe shafi na sittin da biyu ta karanta a fili: "Keke na sayar, ban sayar da yatsuna ba. Tashi ka yi wanka kada jirgi ya bar ka." Ta juya shafi. Ta sake juyawa. Awa biyu da rabi tana karanta wa direbanta labari a bakin titi, marubucin na gefe yana ta sharɓe, a sutudiyo kuma mutum ɗari na zaune suna jiran ta. Wannan bai dami kowa ba, don ta saba yin lattin da ya fi haka ba dalili. Da ta rufe littafin ta ce, "Ka gaya wa Lalwani na yarda. Amma ranar da za a ɗauki wurin keken nan, kada in gan ka a kusa. Ba zan yi gasar kuka da kai ba."

Ranar gidan haya na Dadar ya ɗauki murna kamar an yi haihuwa. Kusum ta raba alawar laddu har bene na uku, matar tsohon ma'aikacin gidan waya kuwa ta ƙi karɓa sai an gaya mata ƙarshen labari.

Sai dai fim a Bombay ba ya sauri don wani na sauri. Jaruma ba ta da ranakun da za ta ba su, damina ta rushe gidan da aka gina na wasa, Seth Lalwani ya ce labarin ya yi salihanci da yawa. Aka cusa waƙa biyar, aka ƙirƙiro wani mugun mai gidan haya, ƙanin ya tashi daga marubuci ya koma ɗan sanda mai dukan mutum goma da hannu ɗaya. Ratanlal ya haɗiye duka, shi ma ya rubuta musu maganganun dukan. A wuri ɗaya kawai ya kafe: fitar da keken daga gida. Ya ce bayan maganar yatsu ba wanda zai sake cewa komai, minti biyu cur, kiɗa kawai da hoto. Seth ya yi faɗa ya gaji ya ƙyale shi.

Shekara uku aka yi. Da fim ya kammala, Ratanlal ya je Jaunpur da kansa ya ɗauko Didi. A tashar jirgi ya gane an makara. Ta tsufa, ta ƙanƙance, da ya tsaya a gabanta sai da ta shafa fuskarsa kafin ta ce, "Ratan, ka yi ƙiba." Haske da duhu kawai take bambancewa. Duk tsawon hanya bai iya cin abinci ba. A gida ya ce wa Kusum a hankali, shi bai ga amfanin zuwa silimar ba.

Ashe Didi na ji. "Wane irin ba amfani? Na sha jirgin kwana guda, na sa sabon sari, ka ce ba amfani? Kunnena garau yake. Abin da ke bango kuma kai za ka riƙa faɗa min."

"Hai Ram," in ji Kusum, "wannan? Didi, ki zo da lema."

Ranar Juma'a suka shiga kallon ƙarfe uku na rana, silima cike maƙil. Didi na tsakaninsa da Kusum, ta riƙe wuyan hannunsa. Aka fara. Ya sunkuya yana raɗa mata: ga yaro a kan bishiyar mangwaro, ga ki nan da tsintsiya. Ta yi ta dariya. Da Indrani ta fito tana rawa cikin gonar fure, Didi ta ce da ƙarfi, "Ni? Yaushe na samu lokacin wannan shirmen?" Na layin gaba suka juyo suna cewa a yi musu shiru. Da ƙanin ya fara dukan mutane ta ce, "Kai da kare ke kora har gida?"

Sai kura ta tsaya a ƙofar gida. Indrani ta ɗaga hannuwa ta faɗi maganar yatsu, silima ta yi tsit. Kiɗa ya tashi. Minti biyun nan da ya yi yaƙi a kansu suka fara, ba kalma ko ɗaya, kuma Didi ba ta ganin komai. Ya ji kukan na taso masa.

Ta matse masa hannu. "Na ji shiru. Me ake yi?"

Ba kanumfari, ba tsakuwa. In ya yi kuka yanzu, wurin zai wuce ta har abada. Ya haɗiye, ya ce, "Mutum biyu sun kama keken, Didi. Suna fitowa da shi."

"Uku ne. Ni na riƙe ƙafar baya don kada su goge min fenti a jikin ƙofa. Ci gaba."

"Sun ɗora a kura. Kin ɗauko tsumma kina share shi... kin cire ɗan zaren da ya rage a jiki kin naɗe a yatsa. Kura ta tashi. Kina tsaye. Yaron na bayan ƙofa yana leƙen ki, ke ba ki san yana nan ba."

"Na sani," in ji ta. "Ci gaba."

Ya ci gaba. Ya kai ta tashar jirgi, ya kai ta shekarun allurar hannu, ya kai ta har ranar da ƙanin ya dawo ya durƙusa a gabanta ya faɗi duk abin da shi Ratanlal bai taɓa iya faɗa ba. Na layin gaba sun daina tsawa, sun ma jingino da baya suna kasa kunne. Kusum na gefe ta jiƙa gefen sarinta sharkaf, mijinta kuwa idonsa a bushe har aka rubuta ƙarshe a bango.

Fitilu suka kama, mutane suka fara fita suna fyace hanci. Didi ta saki hannunsa, ta laluba ta kamo kansa kamar yadda take yi yana ɗan shekara shida.

"To, na gani," ta ce. "Yanzu yi kukanka."

Ya kifa kai a cinyarta ya yi, mutum mai shekara arba'in da huɗu, har masu shara suka jingina tsintsiyoyinsu suka tsaya jiran ya gama.